Luguden Tudun Gawo

Da wani ne ya kawo shawarar baburan nan, da Habiba ta sami wanda za ta sauke wa fushinta. To ita ce da bakinta. Ita ke tsara ayyukan lafiya na wata ƙungiyar agaji a Damagaram, ita ke cewa wa zai tafi ina, da wane magani, a kan wane abin hawa. Da motarsu ta iso ƙoramar da ke bayan garin Dogo suka tarar ruwan jiya ya cika ta maƙil, direba ya ce ko yanka shi za a yi ba zai shiga ba, nan take ta ce a kirawo 'yan kabu-kabu masu babura daga tsallake. Haka ake yi kowace damina, ba wanda ya taɓa ganin aibun abin.

Sauri take, kuma tana da dalili. A Tudun Gawo akwai baƙin da suka gudo daga Najeriya, 'yan bindiga sun ƙone musu gari, mai gari ya ba su fili suka kafa bukkoki. Ƙyanda ta riga ta kashe yara a ƙauyen da ke maƙwabtaka da su, su kuwa 'ya'yan baƙin ba wanda aka taɓa yi wa rigakafi. Yakuba, majo, wato babban ma'aikacin jinya na ƙaramin asibitin yankin, wanda suke tafe tare, ya gaya mata akwai wata yarinya a cikinsu, Ummulkhairi 'yar Zuwaira, da ta kwana da zazzaɓi da tari, idanunta jajur. Allurar tana cikin akwatin sanyi a cinyar Habiba, ƙanƙarar ciki kuwa ba ta jiran kowa. A jikin kowace kwalba akwai ɗan tambari fari, in zafi ya taɓa shi ya yi duhu, sai dai a zubar. Ba wata allurar a ajiye a Damagaram.

Baburan suka shiga garin a jere, suna ta ƙugi, samarin har da gasar wanda zai riga isa. Da suka tsaya a gaban bukkokin baƙin, ba kowa. Ga tukunya a kan murhu tana tafasa, ga takalmin yaro wari guda a bakin hanya, ga zane an yar a ƙasa. Mutum ɗaya ce ta rage, wata tsohuwa mai shanyayyar ƙafa, ta juya gabas, ta runtse ido, tana ta kalmar shahada.

Habiba ta durƙusa a gabanta. "Sannu, Inna. Mu ne mutanen asibiti. Ina jama'a?"

Tsohuwar, Indo sunanta, ta buɗe ido ta dubi farar rigar Yakuba, ta dubi baburan, sannan ta dubi Habiba.

"'Yar nan, ke kika zo da waɗannan?"

"Ni ce, Inna. Mota ce ta kasa…"

"Haka suke zuwa mana," in ji Indo. "A jere, da ƙugi. Haka suka zo ranar da suka kashe mini ɗa."

Innalillahi! Ita Habiba da ta zauna da matan nan ta ji labarinsu da kunnenta, ita da ta tsara musu ruwan sha da gidan sauro da awon ciki, ko sau ɗaya bai faɗo mata a rai ba cewa ƙarar babur a kunnensu ba ƙarar babur ba ce. Kunya ta kama ta, haushin kanta ya fi kunyar yawa.

"Ina suka nufa?"

Indo ta nuna gonakin da haɓa. Gero ne iya ganin ido, ya fi mutum tsawo, ko raƙumi ya shiga sai an sha wahalar nemansa.

Mai gari, Malam Ɗahiru, ya iso yana haki, hularsa a hannu. Ya ce shi ma abin ya ba shi mamaki, kafin ya fito daga zaure wurin ya watse kamar an jefa dutse cikin 'yan tsaki. Yakuba ya ciro lasifikar da suke shelar rigakafi da ita, ya hau tudu ya shiga kira, ku fito, likitoci ne, ba abin tsoro. Ya yi har muryarsa ta dushe. Ko ganyen gero bai motsa ba.

"Ka bar wahalar da kanka, ɗan nan," in ji Indo. "Su ma haka suke cewa. Ku fito, sojoji ne, an kore su. Wanda ya fito ya fito ke nan."

Samarin kabu-kabu suka ce bari su shiga gonar su nemo su. Habiba ta daka musu tsawa, ta ce wanda ya ɗaga ƙafa sai ya gamu da ita. Maza baƙi suna ratsa gero, ai sai matan su ƙara nutsawa. Mai gari ya ce to a sa ladan ya kira salla, muryar da kowane Musulmi ya yarda da ita. Indo ta girgiza kai har ɗankwalinta ya zame.

"Kiran salla ba lokacinta ba? Da shi muke shelar an shigo gari."

Rana ta take. Habiba ta ja akwatin zuwa inuwar gawo, ta rufe shi da jiƙaƙƙen buhu. Da ta jijjiga shi kaɗan sai ta ji motsin ruwa, ƙanƙara ta soma sakin jiki. Ba ta buɗe ba, kowace buɗewa asara ce.

Da ta dawo kusa da Indo, sai tsohuwar ta kamo gefen zanenta, ta yi ƙasa da murya.

"Allurarki ba ita ta fi damuna ba. Zuwaira ta shiga da yarinyar nan mai tari. Kin san abin da uwa ke yi wa ɗa mai tari in ana ɓuya?"

Habiba ta sani: toshe masa baki take yi da hannu, wani lokaci har numfashi ya ɗauke. Ta taɓa ji daga bakin wata mata a wani sansani, matar na ba da labarin tana kallon tafin hannunta.

"Inna, don girman Allah, a can garinku, in sun tafi, me ke fito da ku?"

"Turmi. Mu tsofaffin da ba ma iya gudu mu ke dakawa."

Habiba ta zabura, amma tsohuwar ba ta saki zanen ba.

"Tsaya. Ba taɓarya ɗaya ba. Taɓarya ɗaya ana sa mace ta daka da bindiga a ƙeya, ta dafa musu abinci. Lugude za a yi, da tafi. Ba macen da ke cilla taɓarya sama ta tafa hannu tana kallon mutuwa."

Aka ruga gidan mai gari aka mirgino turame. Matsalar ita ce matan garin rabinsu na gona, waɗanda suka rage kuwa tun da aka kawo injin niƙa hannunsu ya yi sanyi. Uwargidan mai gari ta zuba gero ta ɗauki taɓarya, wata maƙwabciya ta ɗauki ta biyu. Ta ukun tana jingine ba mai ɗauka. Habiba ta tuɓe takalma, ta ɗaure gyale a ƙugu.

"Madam," in ji Yakuba, "yaushe rabonki da wannan?"

"Tun ina 'yar lakkol, ina zuwa hutun makaranta wurin kakata a Tirmini. Matsa mini."

Farkon abin ban tausayi ne. Taɓaryarta ta ci karo da ta uwargida, gero ya fantsama. Indo na zaune tana yi musu faɗa kamar 'ya'yanta, tana buga cinya tana ba su kiɗan. Sannu a hankali hannu ya tuna abin da kai ya manta. Dum, dum, dum, taɓarya na bin taɓarya. Uwargida ta cilla tata sama ta tafa ta cafe. Habiba ta cilla, ta tafa, ta cafe da ƙyar, tafin hannunta na zogi, zuciyarta na can cikin gero wurin yarinyar da ba ta taɓa gani ba. Turmi na biyu ya kama, na uku ya bi. Wata ta rangaɗa guɗa.

Sun daɗe suna yi, har hannun Habiba ya yi bororo ya fashe, kafin geron gona ya motsa. Wata mata ta leƙo, ta koma, ta sake fitowa riƙe da yara biyu. Daga nan sai ga su ta ko'ina, jikinsu duk ƙaiƙayi. Yakuba ya buɗe akwatin, ya ɗaga kwalba ya duba tambarin. Da sauran haskensa. Ya ce alhamdulillahi, ya fara aiki.

Zuwaira ce ƙarshen fitowa. Tana tafe kamar mai tafiya cikin barci, yarinyar a kafaɗarta, hannuwa na reto. Habiba ta yar da taɓarya ta tare ta, ta karɓi yarinyar ta kwantar a tabarma, ta kara kunne a ƙirjinta. Shiru, sannan wani ɗan numfashi siriri, sannan tari ya ɓalle mata, mai ƙarfi, mai daɗin ji. A kumatun yarinyar, daga gefen hanci zuwa haɓa, ga sawun yatsu ya kwanta ja.

"Na ce mata ta yi shiru," in ji Zuwaira, ba ta kallon kowa. "Ta ƙi yin shiru."

Habiba ta ba yarinyar magani, ta riƙe hannun uwar.

Da la'asar aka gama. Samarin suka hau baburansu, ɗaya ya ɗaga ƙafa zai tayar.

"Kul!" in ji Habiba. "Sauka."

"Hajiya, har ƙorama fa? Ga yashi!"

"Har ƙorama."

Ta ɗora akwatin a ka, ta wuce gaba da kumburarrun hannuwanta. Suka biyo ta suna tura baburan cikin yashi, yaran baƙin na tsaye a bakin bukkoki suna kallon su.