Keken Fo Senyo

"Ba a fitar da keke sai da lamba, Mama," in ji mai tsaron igiyar da aka kewaye kekunan 'yan gasa da ita.

Afiwa, mai sayar da koko, ta dube shi sama da ƙasa. A bayansa, bakin Tafkin Togo, sandunan da aka rataye kekuna ɗari da safe sun yi wayam. Saura ɗaya, na maƙwabcinta, tela Fo Senyo.

Shekara uku yana shirin gasar nan: ninkaya, sai keke, sai gudu, duk a jere. Kullum ya wuce ƙofarta yana haki sai ta ce, "Tsoho da kai, wa ya biyo ka?" Shi kuma ya ce, "Shekaru, Afiwa."

Yau ya shiga ruwa tare da jama'a. Kowa ya fito ya ɗauki kekensa ya wuce. Sai da aka ga nasa a rataye sannan aka fara ƙirga kai. Masunta ne suka tsamo shi. Ba shi da kowa sai 'ya ɗaya a Kpalime, don haka Afiwa ce ta bi shi asibiti, tana riƙe da dantsensa har likita ya ce ta saki.

"Wace lambar?" ta tambaya.

"Wadda muke rubuta wa kowa a dantse. Doka ce, saboda ɓarayi."

"Dantsen yana ɗakin gawa. In je in yanko maka?"

Mutumin ya sunkuyar da kai.

"Mutum ɗari a ruwa, kun sa musu kwalekwale ɗaya," ta ce. "Keke kuwa har da igiya da mai gadi. 'Yarsa tana hanya. Ba za ta buɗe ɗakinsa ta tarar ba uba ba keke ba."

"To ko lambar ki faɗa mini."

"Ban yi boko ba."

Ta buɗe tafin hannunta a gabansa. Baƙar tawadar jiƙaƙƙen dantsen ta kama fatarta, lambar ta fito a kai, ba ta wanke ba. Ya daɗe yana kallon tafin, ya waiwaya ya dubi takardar lambar da ke manne a keken, sannan ya ɗaga igiyar.

Ba ta iya hawa ba, sai ta tura shi a gefen kwalta. Takalman da Fo Senyo ya maƙala a feda tun safe, don kada ya ɓata lokaci in ya fito daga ruwa, suna reto, suna ɗan shafar ƙasa.