Haƙorin da Ba na Kifi Ba

Duk wanda ya san tsohon garin Agadas a zamanin da Nasara ke zuwa yawon buɗe ido, ya san Inoussa maƙerin azurfa. In bai san fuskarsa ba, ya san bakinsa. Kai, mutumin nan ya iya zuba! Sauran maƙera sarƙar Agadas suke ƙerawa su zauna jiran mai saye, shi kuwa ya samo tasa hanyar. Makiyaya ne ke tsinto masa wasu baƙaƙen haƙora da suka zama dutse, daga dajin wajen Ingal, ya ɗaure su da azurfa ya yi musu maratayi. Wani Banasare mai tonon ƙasusuwa ya taɓa gaya masa cewa haƙoran wani kifin teku ne da suke kira rekan, wai tun zamanin da duk rairayin nan yake ƙarƙashin ruwa. Inoussa bai taɓa ganin ruwan da ya wuce ambaliyar ƙoramar Telwa ba, amma daga ranar ya zama malamin teku.

Abin da ya tsinta a bakin wannan baƙo sai ya sayar wa na gaba, da ƙarin gishiri. Yakan ce kifin nan ba shi da ƙashi ko ɗaya, duk jikinsa guringuntsi ne irin na kunne, shi ya sa in ya mutu haƙoransa kaɗai ke saura. Fatarsa kaushi gare ta kamar magagarin maƙera. Akwai mai kan guduma, ido ɗaya nan ɗaya can, yana bin ƙasan ruwa yana tono abin da ya ɓuya cikin yashi. Akwai wani ƙato da ya kai kamiyo, babbar motar kaya, tsawo, amma bawan Allah ne, buɗe baki kawai yake yi yana tace ƴan ƙananan halittu. Sai kuma babban mugun, mai farin ciki da baƙin baya, wanda ke jin ƙanshin jini daga nesa. In Inoussa ya zo kansa sai ya sassauta murya, ya ce wannan in ya kama abu ko ƙashi ba ya bari. A nan ne baƙo ke sa hannu a aljihu.

Maƙerar a zauren gidan take, katanga ɗaya ce tsakaninta da inda matarsa Fulera ke girki. Shekara da shekaru tana jin wannan karatu har ta haddace shi, wani lokaci ma tana riga shi faɗa a ranta tana dariya.

Wanda ya fi kowa son labarin shi ne ɗansu na fari, Mourtala. Da yake ɗan fari ne, Fulera tana alkunyarsa kamar yadda ta taso ta ga uwarta na yi. Ba ta wasa da shi a gaban mutane, kuma ba ta taɓa kama sunansa ba. In za ta kira shi sai ta ce "kai", in za ta yi zancensa sai ta ce "yaron nan". To, yaron nan sai ya tare a maƙera, nan ya yi rarrafe, nan ya girma, kusa da wani tsohon gwangwanin madara da uban ke tara haƙoran a ciki. Ba a taɓa ganin gindin gwangwanin ba, don kafin ya yi rabi makiyaya sun sake cika shi. Abin da ke burge yaron shi ne rekan ba ya giɓi. Haƙoransa sahu-sahu suke, na gaba ya faɗi na baya ya matso, haka har ya mutu.

Sai daji ya lalace da rashin tsaro, baƙi suka ɗauke ƙafa. Mourtala ya zama saurayi da sana'a a hannu, ba mai saye. Kullum yana ganin motoci na fita arewa shaƙe da ƴaƴan mutane, ran nan shi ma ya durƙusa ya nemi albarka. Inoussa ya sa masa. Fulera tana daga ƙofar ɗaki ta ce Allah ya kiyaye hanya, ta juya ciki da sauri kada a ga idonta.

Ya yi aiki a Libiya, yana bugo waya, yana aiko abin da ya samu. Daga baya wayar ta yi shiru. Wanda ya kawo labari abokinsa ne, Ya'u, ɗan unguwar Dagmanet, da suka tafi tare. Ya ce jirgin roba Mourtala ya hau don ƙetare teku zuwa ƙasar Nasara, an cika shi har ba wurin sa ƙafa, shi Ya'u aka bar shi a gaɓa don ba wuri. Jirgin bai isa ƙetare ba, bai dawo ba, kuma ba a tsinci ko takalmi ba.

Inoussa ya yi salati, ya sa aka aro tabarmi don zaman makoki. Fulera ta fito ta naɗe su da hannunta ta mayar wa masu su. Ta ce mutuwa da gawa ake saninta, ita ba ta ga abin da aka wanke ba, ba ta ga abin da aka sa a ƙasa ba, to gaisuwar me za ta karɓa? Liman ya zo har zaure ya gaya mata daga bayan labule cewa wanda ruwa ya ci shahidi ne, kuma Allah ya san inda kowace gaɓa ta bawansa take. Ta ce ta ji, ta gode. Kunnenta ne ya ji.

Daga nan ta fara janye hannu daga abinci. Ba ta kuka, ba ta faɗa da kowa, sai dai zane ya riƙa yi mata yawa. Ƴaƴanta mata suka zo daga gidajen aurensu suka yi lallashi har suka gaji. Inoussa ya ga ƙiri-ƙiri ruwa ya ci masa ɗa, yanzu kuma matar za ta bi shi a kan tudu. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji ba.

Wata rana da hantsi ya kai mata fura da kansa, abin da bai taɓa yi ba tun aurensu. Ta dubi ƙwaryar, ta dube shi.

"Malam, wanne ne daga cikinsu yake zaune a tekun Libiya?"

Bai tambaye ta su wa take nufi ba. Ya ce mai yiwuwa na kirkin ne, ƙaton nan mai tace ruwa.

"Wannan ka ce ruwan ɗumi yake bi, can nesa," in ji ta. "Mai farin cikin ne ka ce babu tekun da ba ya shiga."

Baki shi ke yanka wuya. Inoussa ya shiga janye maganganunsa ɗaya bayan ɗaya kamar mai tsince ƙaya. Ya ce zancen kasuwa ne, rabi gishiri ne. Ya kira Ya'u ya maimaita mata abin da masunta na can ke faɗa, cewa rekan ya yi ƙaranci a ruwansu, kuma ba ruwansa da mutum, ƙananan kifaye yake bi. Ta saurara har ya gama, ta sa masa albarka ya tafi. Sannan ta ce da mijin, ba da faɗa ba, "Da haƙoransu muka ciyar da shi. Yanzu sun karɓi abinsu. Yaya zan sa loma a baki, alhali gidan nan cike yake da bakin da ya ci yaron nan?"

Wallahi maganar ta soke shi. Ya tashi ya shiga maƙera, ya sunkuci gwangwanin, da niyyar ya kai shi Telwa ya juye a cikin yashi, su koma inda suka fito.

Amma maƙerin azurfa ba ya zubar da abu bai tankaɗe ba. Ko sharar maƙera sai ya tace ta, don kada ɓurɓushin azurfa ya tafi juji. Wannan ba shawara ba ce, hannu ne ya saba. Har ya kai bakin ƙofa, ƙafarsa ta dawo da shi. Ya shimfiɗa fatar aiki ya juye gwangwanin kaf, karo na farko tun da ya mallake shi, yashi da ƙura suka biyo baya.

Yatsunsa suka shiga aikinsu ba tare da ya sa su ba. Masu faɗi da bakin zarto, na yanka nama, suka koma dama. Siraran nan masu tsini kamar basilla, na cafke kifi mai santsi, suka koma hagu. Masu kwanciya kamar dutsen niƙa, na waɗanda ke zaune a ƙasan ruwa suna farfasa ƙwanso, suka taru a gabansa. Yana warewa hawaye na sauka a gemunsa, don kowane iri ya ɗaga sai ya ji muryar Mourtala tana tambayar wannan me yake ci.

Can cikin ƙurar gindin gwangwanin ya taɓa wani da bai shiga ko'ina ba. Ƙarami ne, bai kai ƙwayar masara ba. Ba baƙi ba ne, ba shi da nauyin dutse, ba tsini, ba zarto. Ya hure ƙurar, ya kai shi bakin ƙofa inda haske yake. Sai ya zauna a dokin ƙofa.

Ya tuna ranar. Mourtala yana ƙarami, bai daɗe da shiga lakkwal, makarantar boko, ba, ya shigo maƙera a guje, hannu ɗaya rufe da baki, ɗaya a dunƙule. Haƙorinsa na farko ne ya fita. Yara sun gaya masa ya jefa shi kan rufin ɗaki, kuma kada ya yarda ƙadangare ya ga giɓin, in ba haka ba wani ba zai fito ba. Yaron kuwa ya ce wace irin wauta ce wannan, ai ƙadangarun a kan rufin suke kwana. Wurin uwa ba wurin zuwa ba ne da irin wannan, za ta ce masa je ka can. Don haka ya jefa haƙorin cikin gwangwani, ya ce ya zauna da na rekan ya koyi halinsu, shi ma kada ya taɓa yin giɓi. Inoussa ya yi dariya har da tari, ya ci gaba da hura wuta, ya manta.

Ya shiga gida da hannu a dunƙule, kamar yadda yaron ya shigo masa. Fulera tana zaune a inuwar katanga. Ya durƙusa gabanta ya buɗe tafin hannunsa, ya ba ta labarin a taƙaice, shi da bai taɓa iya gajarta labari ba.

Ta daɗe tana kallo ba ta taɓa ba. Sannan ta ɗauka ta juya shi, ta sa farce a wata ƴar tsaga da ke gefensa. Ta ce a bakin turmi ya yi wannan, yana koyon tafiya, ita ce ta ɗauke shi ta share masa jini don ba kowa a gidan.

"Wannan bai je teku ba," in ji Inoussa.

Ta miƙe tana dafa bango, ta shiga ɗaki ta buɗe akwati, ta ciro farin yadin da ta ajiye don likkafanin kanta, ta yage gefensa. Ta ɗebo ruwa a ƙwarya ta wanke haƙorin, ta fara ta dama kamar yadda ake yi, ko da yake Allah kaɗai ya san ina damar haƙori take. Ta shafa masa turare ta naɗe shi. Inoussa ya tambaya ko ya kai maƙabarta. Ta girgiza kai, ta ce mata ba sa zuwa can, ita kuma ta gaji da a kai shi inda ba ta iya zuwa. Ta nuna bayan ɗakinta, gindin katanga, inda ungozoma ta binne cibiyarsa.

Ya ɗauko ƙaramin ƙarfen da yake tone garwashi da shi, ya haƙa rami. Ita ta sa ƙunshin da hannunta, ta gyara masa kwanciya ya dubi gabas. Ya mayar da ƙasa, ta yayyafa sauran ruwan ƙwaryar. Kabarin duka tafin hannu ɗaya ya rufe shi, kuma tafin nata ne a kai.

"Mourtala," ta ce.

Inoussa ya ɗago kai. Tun ranar suna bai taɓa jin kalmar a bakinta ba, ta fito mata a karkace kamar baƙon yare. Ta sake faɗa, ta kuma sakewa, sai kukan da ta riƙe tun zuwan Ya'u ya ɓalle, har maƙwabta suka jiyo ta katanga suka fara salati.

Da ta samu numfashi, ba ta ɗaga hannunta daga ƙasar ba, ta ce, "Malam, aika a kawo tabarmin."