Iskar Gawayi a Motar Auta

Shekarar da mai ya yi wuya, ƙanena Auta ya ajiye bas ɗinsa a ƙofar gida har ciyawa ta fara tsiro a gindin tayoyin. Shi direba ne, bai iya wata sana'a ba. Sai wani mai walda a bayan tasha ya ce zai iya sa motar ta yi tafiya da gawayi. Ya ɗaura mata ƙatuwar ganga a baya. Idan an cika ta da gawayi an kunna, iskar da ke fitowa sai ta bi wani dogon bututu ta ƙarƙashin kujeru har cikin injin. 'Yan unguwa suka yi ta tsokana wai Auta ya buɗe gidan burodi mai taya. Amma motar ta tashi, kuma masu dariyar su suka fara layin shiga.

Wata safiya na bi shi zan je duba 'yata da ta haihu a wani gari. Na zauna gaba. A baya akwai wani tsoho da kwandon kaji, sai wata yarinya mai goyo, jaririn yana ta tsala kuka tun daga tasha. Mun yi nisa da gari ruwa ya goce kamar da bakin ƙwarya, kowa ya ɗaga gilashinsa.

Kaina ne ya fara sarawa. Na ɗauka rashin karyawa ne. Can kuma na ji motar ta yi shiru, shirun da bai yi mini daɗi ba. Na waiga. Kajin nan da suka cika mana kunne duk sun kwanta, wuyansu ya langaɓe. Jaririn ya daina kuka. Uwarsa ta jingina kai da gilashi, bakinta a buɗe.

Na ce, "Auta, dubi mutanen nan."

Ya ce, "Barci ne, Yaya. Sanyin ruwa ne."

Maganar tasa ta fito a jaye kamar ta mashayi. Na dube shi, idonsa rabi a rufe, motar kuma tana cin gefen hanya. Na so in yi ihu, muryata ta ƙi fita. Na ɗaga hannu in dake shi, hannun ya yi mini nauyi kamar ba nawa ba.

Allah Ya taimake mu tudu muke hawa, motar gawayi kuwa ba ta da ƙarfi a hawa. Ƙafarsa ta zame daga totur, injin ya yi tari ya mutu. Sai na ji mun fara komawa da baya, a hankali, sannan da sauri. A ƙasan tudun akwai gada, ruwa ya cika rafin. Na kama birkin hannu da hannu biyu na ja har sai da na ji kafaɗata ta yi ƙara. Motar ta ja taya, ta karkace, ta tsaya a cikin taɓo.

Na buɗe ƙofa na faɗo ƙasa. Iskar waje ta shiga ƙirjina, na yi ta amai. Da rarrafe na zaga na buɗe ƙofar Auta, na jawo shi ta wuyan riga ya faɗo kaina. Ruwa ya yi ta dukan fuskarsa har ya buɗe ido.

"Yaya, me ya faru?"

"Tashi! Mutane za su mutu a motarka!"

Tsohon ya fito da ƙafarsa yana tangaɗi, yana salati. Yarinyar sai da muka ɗauko ta. Da na kwance jaririn daga bayanta ya zo hannuna laƙwas, kamar tsumma. Na kara kunnena a hancinsa. Yana numfashi, amma ƙasa-ƙasa. Uwar ta farfaɗo, ta gan shi, ta ƙwala ƙarar da har yau ba na son tunawa.

Auta ya leƙa ƙarƙashin kujerar tsakiya, ya ɗago. Bututun ya tsage, iskar gawayin tana zubo mana a ciki tun da muka taso. Ba ta da wari, ba ta da launi.

Muka tsaya a bakin hanya muna dube-dube. Babu mota ko ɗaya, kowa ya ajiye tasa saboda rashin mai. Babu gida kusa, asibiti kuma yana gaba da nisa.

Tsohon ya ce, "Ɗana, babu wata mota sai wannan. Ɗaure tsagar mu tafi."

Yarinyar ta ƙanƙame ɗanta. "Wallahi ba zan koma cikin motar nan ba, Baba."

Na riƙe fuskarta na ce, "'Yata, ni ma tsoro nake ji. Amma in muka tsaya a nan, kallonsa kawai za mu yi."

Auta ya yanko robar tsohuwar tayar da ke bayan motar, ya naɗe tsagar, tsohon ya ba da ƙyallen wuyansa aka ƙara ɗaurewa. Muka sauke gilasai duka. Na baya ya ƙi sauka, Auta ya ɗauki sifana ya fasa shi. Ya hura gawayin, muka tura, da ƙyar injin ya kama.

Ban taɓa yin tafiya mai tsawon wannan ba. Ruwa na shigo mana ta ko'ina. Yarinyar ta zauna a bakin ƙofa a buɗe, fuskar ɗanta na kallon waje. Ni kuma na hana Auta yin shiru. Na tambaye shi sunayen 'ya'yansa, na tambaye shi launin ƙofar gidanmu, ya amsa in sake tambaya. Duk sanda ya ƙifta ido sai in tsunkule shi. Duk numfashin da na ja, sai in ji kamar shi ne zai kwantar da ni.

A asibiti wata nas ta karɓe jaririn da gudu, ta sa masa robar iska a hanci. Muka tsaya a baranda a jiƙe. An jima muka ji kukansa, siriri da farko, sannan ya buɗe murya. Uwar ta durƙushe a wurin.

Nas ɗin ta fito ta ce mu ma ba inda za mu sai an duba mu. Ta miƙa wa Auta kofin ruwa. Ya kai shi baki, ruwan yana zuba a wandonsa. Na karɓi kofin na riƙe masa ya sha, kamar yadda nake yi masa yana ƙarami.