Kar a Buɗe Murfin

Kwana huɗu ke nan Baba bai sa komai a cikinsa ba sai ruwan shayi. Tun da aka cire masa sauran haƙoransa ya yi fushi da abinci. Likita bai ɓoye wa Auta komai ba: in tsohon bai ci wani abu yau ba, gobe ta kawo shi a zura masa roba ta hanci. Baba kuwa ya rantse gara ya mutu.

Abu ɗaya ya ce zai ci, wai naman shanu. Mutumin da ko haƙori ɗaya babu!

Auta ta aro tukunyar lantarki wajen maƙwabciya, irin mai dafa abu a hankali har ya yi lugub. Kafin ta tafi shagon ɗinki ta zuba naman da albasa da tafarnuwa da ruwa kofi ɗaya, ta rufe.

"Gwaggo, don Allah kar ki buɗe. Awa takwas take so, ba juyawa, ba ƙarin ruwa."

"Na ji," in ji Gwaggo, ƙanwar Baba, wadda ta shekara hamsin tana girki, kuma ba ta yarda da tukunyar da ba a jin tafasarta ba.

Ƙarfe huɗu Auta ta dawo. Tana shiga kicin ta ga jiƙaƙƙen ludayi a gefen tukunya. Ruwa ya kusa kai baki, ɗumi-ɗumi kawai. Ta danna tsoka ɗaya da cokali, ta ji ta kamar tafin takalmi.

"Gwaggo, sau nawa kika buɗe?"

"Ƙirgawa nake? Na ga ɗan ruwan nan ba zai kai ba, na ce kar ya ƙone."

"Ai duk buɗewa zafin ke gudu! Gobe fa roba za a sa masa!"

Ƙarfe takwas Baba ke shan maganin da ke sa shi barci, daga nan kuma sai gobe. Ta kwashe ruwan da ya yi yawa, ta murɗa tukunyar zuwa zafi mai ƙarfi.

Sai ga ƙarar sanda a bakin ƙofa. Ashe Baba ya ji komai.

"Wa ya taɓa mini nama?"

Ya ja kujera gaban tukunyar ya zauna, ya ɗora sandar a cinya. Sau biyu Gwaggo ta raɓo, wai leƙawa kawai za ta yi, sau biyu ya ɗaga sanda. Tururi ya taru a murfin gilashin, ƙamshi ya cika ɗakin. Auta ta ga maƙogwaron tsohon yana motsi, ta kau da kai, tana tsoron sa rai.

Bakwai da rabi ta buɗe. Ta sa cokali, tsokar ta rabe sili-sili. Ta zuba masa kaɗan da romo.

Baba ya kai baki. Ya daɗe yana juya shi a dasashi, su biyu sun zuba masa ido ko numfashin kirki ba sa yi. Can ya haɗiye.

"Gishiri bai ji ba," ya ce, ya miƙo kwanon. "Ƙaro mini."