Mijin Inshora

A garin Chattanooga, idan mutum ya cika shekara ashirin da shida, abokai su kawo masa kek, kamfanin inshorar lafiya kuma ya goge sunansa daga katin ubansa. Haka aka yi wa Marnie Tolliver, ɗalibar likitanci, wadda tun tana firamare allurar insulin ke riƙe da ranta saboda ciwon sukari. Kwalba ɗaya ta rage mata a firij.

Makarantarsu, mai koyar da ceton rai, ta daina yi wa ɗalibai inshora tun bara. Amma ba ta manta da su ba, ta kafa doka cewa wanda ba shi da ita kada ya taka asibitin koyarwa. Tausayin masu ilimi ke nan.

Marnie ta buga waya ofishin tallafi na gwamnati. Wata dattijuwa mai murya kamar zuma ta ɗauka.

"Me kike samu a shekara, 'yata?"

"Ba ko sisi, Mama. Ɗaliba ce ni."

"Ayya. Rangwamen namu na masu ɗan abin hannu ne. Ke talaucinki ya yi yawa."

"To a sa ni a layin talakawa mana."

"Kina da ciki?"

"A'a."

"Yara fa? Makanta? Shanyewar jiki?"

"Ciwon sukari dai."

"Sannu. A jihar nan talauci zalla ba ya isa, sai da ɗan ƙari." Sai matar ta rage murya. "Ba ki da wani saurayi mai aikin gwamnati? Ba dai a bakina kika ji ba."

Tana da shi kuwa. Wendell Pruitt, mai gyaran famfo a hukumar ruwa, wanda katinsa har haƙori da tabarau yake biya wa matar ma'aikaci. Kuma son da take yi masa ba na wasa ba ne. Idan ya yi dariya, sai ta ji kamar an buɗe taga a ƙirjinta. Ta sha ƙiyasta ranar da zai nemi aurenta, da yayyafi da rawar murya, irin na littattafan da ta cinye tun ƙuruciya. Ga shi yanzu ita za ta roƙe shi, da ƙoƙon bara a ɓoye cikin zuciya.

Ranar Asabar ya kai ta bakin kogi, da gasasshen haƙarƙari da burodin masara. Tana ta juya maganar a baki, ta rasa ta inda za ta faro, sai kawai ta ga mutumin ya durƙusa a kan ciyawa, zobe a hannu.

"Marnie, ni ban iya magana irin ta littafi ba. Ki aure ni."

Kuka ya ƙwace mata. Ashe duniya takan yi adalci wani lokaci!

"Kuma ga wani albishir," in ji shi, yana nuna wata jar mota da aka ajiye ƙarƙashin bishiya, an rubuta sunan Marnie a jiki da fenti. "Mijin likita ba zai ƙare a ramin famfo ba. Gasasshen nama zan riƙa sayarwa a motar nan, sana'ar kaina. Jiya na ajiye aiki."

Hawayen suka tsaya cak.

"Ka ajiye me?"

"Aiki. Ba ki ji daɗi ba?"

"Katin fa?"

"Wane kati?"

"Na inshora, Wendell! Na inshora!"

Ya dube ta, hannunsa ya ɗan sauko da zoben. "Wai tsaya. Ni kike so, ko hukumar ruwa?"

"Kai nake so, sakarai! Amma ina so in kai ranar bikin da raina. An cire ni daga katin Baba, allurata ta kusa ƙarewa, asibiti kuma sun ce kada su ganni."

"Shi ne ba ki faɗa mini ba?"

"In faɗa, ka aure ni kamar mai ba da sadaka?"

Wendell ya juya ya daɗe yana kallon jar motar, idonsa ya kaɗa. Sannan, ba tare da ya tashi daga durƙuson ba, ya zaro waya ya kira ogansa.

"Oga Hensley, ni ne. Maganar jiya..."

Dariyar ogan har Marnie tana jiyowa. "Bari in canka, yaro. Aure ko haihuwa? Kai ne na uku da kati ya dawo mini da shi bana. Ka zo Litinin, da takalmanka na ruwa."

"Sai dai da rana, oga. Da safe muna kotu, ɗaurin aure."

Ya kashe wayar. Marnie ta durƙusa gabansa, ta miƙa yatsa.

"Ka yafe mini. Da na zama likita, kai za ka shiga nawa katin, ka gasa naman garin nan kaf."

"Na ji," in ji Wendell, yana zura mata zoben. "Amma ki riƙa faɗa wa 'ya'yanmu cewa kyauna kika bi."