Adireshi na Huɗu

Muhsina ce ta ƙera 'yar manhajar da hannunta, a ɗakin hayarta na Gummi, daga ita sai fanka mai kukan tsiya. Aikin manhajar ɗaya ne: ta nuna wa masu babur hanyar da ke lafiya da wadda 'yan bindiga suka tare. Ƙungiyoyin masu babur uku suka liƙa ta a shafukansu na intanet, ta Gummi, ta Anka da ta Bukkuyum.

Kwatsam sai ga shafi na huɗu a rajistar masu shiga, ko sallama babu. Sunansa gidanhure. Hure kuwa sunan Innarsu ne, Allah ya jiƙanta. Wa zai raɗa wa shafi wannan suna in ba Lirwanu ba, ƙanenta da ya ƙi barin Zugu? Shekara biyu ba su ce wa juna uffan ba, tun ranar sadakar bakwai da ta faɗa masa a gaban jama'a cewa shi ya hana Inna barin ƙauye.

Kullum bayan asuba shafin nan ke buɗe manhajar, sau ɗaya tak. Muhsina ba ta gaya wa kowa ba. Ba ta karyawa sai ta ga layin nan a rajista, don shi kaɗai ke shaida mata ɗan'uwanta ya kwana lafiya.

Ran nan Labbo, shugaban ƙungiyar Bukkuyum, ya kira ta. "Malama, an ce wani shafi da ba mu sani ba na nuna hanyoyinmu. In infoman 'yan bindiga ne fa? Ki rufe. Mai so shi kira shi nemi izini."

Gaskiya ya faɗa. Amma ita ma da nata a ciki: in ta rufe, ai dole Lirwanu ya kira. Ta rubuta adireshin shafukan ƙungiyoyin nan uku a jerin waɗanda aka amince da su. Duk wanda ba ya ciki, farin allo zai gani.

Kwana tara rajista na nuna abu ɗaya: an ƙwanƙwasa, an hana. Waya kuwa shiru. Kai, taurin kai gado ne, nono ɗaya suka sha! Kewarsa na cin ta, amma ta rantse ba ita za ta fara ba.

Rana ta goma, ba a ƙwanƙwasa ba.

Ta jira har hantsi, kokonta ya huce. Sai a lokacin abin ya faɗo mata: kwana tara ke nan yana hawa hanya a makance. Nan take ta ƙara adireshi na huɗu, ba ta nemi izinin kowa ba. Ta kira lambarsa, aka ce a kashe take.

Ta duba manhajar. Hanyar Zugu ja ce, wato an tare ta, tun jiya da safe, kuma ita da kanta ta sa alamar.

Ta sake kira.