Ungozomar Tirela

Tun ranar da aka turo Sadatu daga Sakkwato zuwa wajen masu auna ƙasar fadama a Birnin Kebbi, Malam Dankure, shugaban ayarin, ya faɗa mata a gaban kowa cewa daji ba wurin mace ba ne. Ya ce akwai kujera da tafireta suna jiranta a ofis, kuma duk ranar da ta gaza a hanya, ranar za ta koma kansu. Ita kuwa ba don buga wasiƙun wasu ta yi shekaru a makarantar aikin gona ba. Ta dube shi ido cikin ido, abin da bai saba gani ba, ta ce Allah ya kai mu.

Don a gajiyar da ita aka ɗora mata kula da ƙaramar tirelar da Landirobarsu ke ja. Tsohuwa ce mai taya biyu, a cikinta ake zuba tantuna da gadajen zango da tukwane da buhunan ƙasar da suke ɗiba. Ba mai son taɓa ta, don giris ɗinta in ya shiga farce sai ya ga dama yake fita. Sadatu ta karɓa. Duk inda aka tsaya sai ta sauka ta ɗora bayan hannu a cibiyar kowace taya, kamar mai jin zazzaɓin jariri. Daga nan Hodi direba ya raɗa mata suna ungozomar tirela, sunan kuwa ya bi ta har kasuwa.

Da kaka, ana tsakiyar yankan shinkafa, aka ce su tafi Argungu. Sun wuce Zauro rana ta take, sai Hodi ya bar titi ya ce zai yanke ta fadama. Sadatu, wadda ke zaune a baya kan buhuna don ba mai son zama kusa da ita, ta ce masa cibiyoyin sun ɗauki ɗumi, robar da ke tare giris kuma ta tsufa. Ƙarfe mai zafi in ya faɗa ruwan sanyi zuƙar ruwan yake yi. Hodi ya ce tun kafin a yaye ta yake bin hanyar nan. Ya danna cikin ruwa har tayoyin tirela suka nutse, ya fito ya hau yashi.

Ba su yi nisa ba ta fara jin ƙara a baya, kamar ana niƙa tsaki a kan dutse. Da aka tsaya sallar azahar a wani ƙauyen masunta kusa da Argungu, ta taɓa tayar hagu ta janye hannu da sauri. Ta gaya wa Malam Dankure boris, zoben ƙarfe mai ’ya’ya da ke cikin cibiya, ya sha ruwa da yashi, in aka ci gaba zai cinye ƙarfen da tayar ke juyawa a kai. Bai ko waiwayo ba ya ce abin da ya rage kaɗan ne, za ta kai.

Sadatu ta san lissafin. In tayar ta fita a hanya, za a ce tirela amanarta ce ta tozarta. In ta nace, za a ce ta tsayar da aiki. Gaba kura, baya siyaki. Sai ta zaɓi laifin da za ta iya tsayawa a kai. Mazan na shiga masallaci ta ɗauko jak da sufana, kafin su idar su ci kifinsu, tayar hagu na kwance a ƙasa.

“Don mi kinka yi haka?” in ji Malam Dankure, muryarsa a ƙasa, wanda ya fi tsawa muni.

“Aikin da ka ba ni, ranka ya daɗe.”

Sai ya ce a kwance tirelar daga mota. Tun da ta fi kowa sani, ta kawo ta Argungu da kanta. In magariba ta yi ba su gan ta ba, ta nemi motar Birnin Kebbi, tafireta na nan. Hodi ya ce to a ba shi jak ɗinsa, na mota ne ba na ungozoma ba.

Wata tsohuwa mai suna Kulu na tsaye a ƙofar gida tana kallo. Sadatu ta haɗiye girman kanta ta ce, Inna, a ara mini turmi. Kulu ta ce turminta na daka ne, ba na ’yan boko marasa kunya ba, amma ta mirgino shi, tare da gargaɗin in ta ga baƙi a jikinsa sai an yi ta. Sadatu ta shimfiɗa buhu a kai, ta tura shi ƙarƙashin tirela, ta zare jak ta ajiye a gaban Hodi, ba ta miƙa masa ba. Mota ta tashi ta bar ta.

Ta ɓalle murfin cibiya, ta zare fil ɗin da ke tare noti, ta kwance notin. Giris ɗin ya zama kamar kunun da ya kwana, fari-fari, yashi na ƙasƙas a ciki. Ta tsiyaye kananzir ɗin fitilarta a tasa ta wanke boris, tana juya ’ya’yansa ɗaya bayan ɗaya da yatsa, tana neman tabo. Allah ya rufa asiri, ba su fara cinyewa ba. Ta shanya su a kan tsumma mai tsabta. Sannan ta ɗebo sabon giris ta ɗora a tafin hannu, tana kankara boris a kai, tana dannawa, har ya ɓullo ta ɗaya gefen.

Mata sun taru a inuwar bango. Wata ta ce wa zai ci tuwon hannun nan. Wata ta ce ai irin waɗannan ba su tuƙa tuwo, albashi suke aure. Aka yi shewa. Zufa na shiga idon Sadatu ba ta da hannun sharewa, sufana ta kuɓuce ta kwashe mata fatar yatsa, jini ya gauraya da giris. Ba ta ɗaga kai ba. Ta mayar da cibiya, ta ɗaure noti har tayar ta yi nauyi, ta sassauta kaɗan, ta juya ta da hannu. Shiru, sai iska. Fil ɗin kuwa ya karye wajen zarewa. Ta buɗe tirela ta zaɓi gadon Malam Dankure, mai sabon tamfol, ta cire masa ƙusa da filaya, ta zura ta lanƙwashe. Ta sa gungumen itace ta ɗaga tirelar, ta mayar da turmi ɗaya gefen, haka ta yi wa tayar dama, ko da yake ba mai dubawa.

La’asar ta yi sanyi ta mayar da turmi ba ɗigon baƙi. Ta ɗaure gyalenta a hancin tirela, ta rataya a ƙirji, ta ja. Taya na juyawa sumul, amma yashi ba ya jin giris. Gyalen ya ci kafaɗarta. Ta zame ta faɗi a gwiwa, ta tashi. Can sai ta ji nauyin ya ragu. Kulu ce ta ɗora kwandon busasshen kifinta a kan tantuna tana turawa.

“Kada ki gode min,” in ji tsohuwar. “Kihina nika kaiwa kasuwa, wuyana ya gaji.”

Sun shiga Argungu ana shirin alwalar magariba. Mazan na zaune a gindin wata bishiya a bakin gulbi, ba tanti, ba tukunya, sauro ya fara zagaya su. Sadatu ta ja tirelar har gaban takalmin Malam Dankure ta saki. Ba ta zauna ba.

Ya tashi ya zagaya tirelar. Ya sunkuya kamar zai taɓa cibiya, ya ga ana kallonsa, ya fasa. Ya ce ai ladan ya kusa kira, da kaɗan ta tsira, kuma kada ta ɗauka an gama. Gobe da safe Augie za su, hanyar ta fi wannan ruwa. Hodi ya tofar da yawu gefe ya ce ungozoma ta karɓi haihuwa.

“Na karɓa,” in ji Sadatu. “In ka sake shiga ruwa da ita da zafi, in sake kwance ta a gabanka.” Ta juya ga Malam Dankure. “Gadonka ya rasa ƙusa biyu, ranka ya daɗe. Suna cikin taya.”

Ta sauke wa Kulu kwandonta, ta ɗauki tantinta ita kaɗai, ta tafi neman toka ta wanke hannu kafin a ta da salla.